Ruwan Ƙafa a Fuskar Malama

Gwaggo ba ta son a kira ta Gwaggo a shago. A gida ƙanwar babana ce, a shago kuwa Madam ce, wanda duk ya manta sai ta harare shi ta cikin madubi. Shekara biyu na yi ina mata aiki: shara, wankin tawul, wanke kan mata, riƙe mafici. Sunan da ta laƙaba mini Bebiya, don ba na iya magana a gaban mutane. Baƙuwa na kallona sai harshena ya yi nauyi, in sunkuyar da kai.

Shagon ɗaki biyu ne. A na gaba ake kitso da gyaran gashi, nan Rediyo take zama, wata mai kitso da bakinta ba ya hutawa. A na ciki, bayan labule, akwai gado mai shimfiɗar leda da fanka da famfo. Nan Gwaggo take ɗaye wa mata fata. Wani ruwa ne garau kamar na sha, amma asid ne. Ana shafa shi da auduga ya ci fatar sama, bayan kwana biyar ko shida ta yi saɓa, sabuwa ta fito. Masu tabon ƙuraje su suka fi zuwa.

Ruwan iri biyu ne. Akwai mai sauƙi na fuska, akwai mai ƙarfi na kaushin ƙafa da gwiwar hannu. A jarka ake kawo su, Gwaggo ta ɗura a ƙananan kwalabe iri ɗaya, ba rubutu ko ɗaya a jiki, wai kada wata ta karanta sunan ta je ta buɗe nata shagon. Alamarta ɗaya ce: ta ɗiga jan farce a murfin na ƙafa, ta bar murfin na fuska haka. A murfi fa, ba a jikin kwalba ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar in fasa wani abu.

Ranar da abin ya faru, da safe wata mata ta zo aka yi mata ƙafa da fuska a zama ɗaya. Kwalaben biyu suna buɗe a kan tebur. Wayar Gwaggo ta yi ƙara, ta maƙale ta a kafaɗa tana dariya, ta rufe su da hannu ɗaya ba ta ko duba ba.

Bayan an tashi daga makaranta wata Malama ta zo. Ƙananan yara take koyarwa, har da garin alli a hannun rigarta. Mace ce mai fara'a, ta gaishe ni ni ma, abin da ba kowa ke yi ba.

Ta ce, "Madam, ki rufa mini asiri. Wani yaro a ajina ya ɗaga hannu ya ce, Malama, me ya sa fuskarki ta yi ɗigo-ɗigo kamar ayaba ta nuna?"

Rediyo ta kwashe da dariya daga waje. "Wannan yaron ki ba shi na ɗaya, yana da ido!"

Gwaggo ta miƙa mata takardar da take ba kowa, mai cewa duk abin da ya faru ba ruwan shago. Malama ta sa hannu tana dariya, ta kwanta. Gwaggo ta rufe mata idanu da jiƙaƙƙiyar auduga kamar kullum, ta goge mata fuska, ta ɗauko kwalbar da murfinta ba ɗigo.

Tana buɗewa na ji warin. Ni nake wanke kwanukan da ake zuba ruwan nan, na san su. Na fuska warinsa sama-sama ne, na ƙafa kuwa hawa hanci yake har ido ya kawo ruwa. Idona ya kawo ruwa.

Na matsa kusa da kunnenta. "Madam, wannan kamar na ƙafa ne."

Ta juyo mini da murfin, ta kusa cusa mini shi a ido. Sannan ta ɗaga murya don Malama ta ji. "Yau Bebiya ta yi magana. A aji huɗu ta tsaya, amma ita za ta koya mini aikina."

Ta tsoma auduga ta shafa. Goshi, kumatu, haɓa, gefen hanci. Sai ga mai kawo gashin kanti ya yi sallama a ƙofa. Ta cire safar hannu.

"Minti biyar ne. Yi mata fifita. Kada ki taɓa ta sai na dawo."

A shagon nan akwai doka. In mace ta ce zafi, a ce mata aiki yake yi. Ba mai wankewa sai Madam ta ce a wanke, don wai wanda ya wanke kafin lokaci ya ɓata aiki. Na taɓa wanke wa wata da ta yi kuka, Gwaggo ta mare ni a gaban mata huɗu.

Malama ta ce, "Yana zafi."

Na ce, "Aiki yake yi."

Na ci gaba da fifita. Fatar ta fara yin fari fat, kamar an barbaɗa gishiri. Ban taɓa ganin fuska ta yi haka da sauri ba.

"Ƙanwata, wannan ba zafin wasa ba ne. Kira ta."

Na leƙa ta labule. Gwaggo tana bakin titi, ta ɗaga gashi tana duba shi a rana, suna gardama da mutumin. Na buɗe baki in kira ta, mutane na wucewa, muryata ta ƙi fita. Na dawo na ɗauki mafici.

Famfo yana bayana, taku biyu. Malama tana damƙar ledar gado, ƙafafunta na harbin iska, tana kirana ƙanwata, ƙanwata. Ni kuwa ina fifita kamar wadda aka ɗaure wa hannu da maficin.

Da ta kurma ihu ne Rediyo ta faɗo ɗakin da matsefi a hannu. Kallo ɗaya ta yi.

"Ke mahaukaciya ce? Mutum na ƙonewa kina masa fifita kamar garwashi?"

Ta finciko Malama ta kai kanta ƙarƙashin famfo ta buɗe shi gaba ɗaya. Na ɗaga kai na dubi agogon bango. Minti goma sha ɗaya ruwan ya yi a fuskarta.

Abin da Gwaggo ta fara faɗa da ta shigo shi ne, "Wa ya ce a wanke?" Sai ta ga fuskar. Ta lafta mata basilin, ta ce haka yake yi wa masu fata mai laushi, ta je gida ta guji rana, kuma kada ta je asibiti, likitoci ba su san kan wannan aikin ba, ɓata shi za su yi. Malama ta fita da mayafi a fuska.

Bayan ta tafi, Gwaggo ta shinshina kwalaben biyu. A gabana ta musanya murafan, kowanne ya koma inda ya dace. Ta dube ni.

"Me kika gani?"

Na ce, "Ba komai."

Kwana biyu Malama ta daure, rana ta uku aka kai ta asibiti. Rediyo ce ta jiyo labari: ƙunar ta shiga ciki sosai, kumatu biyu da goshi, saura kaɗan ta taɓa ido. Bayan mako uku ma'aikatan hukumar lafiya suka zo suka kwashe kwalabe da jarkoki, suka sa wa shagon kwaɗo. Rediyo ta tattara matsefanta ta koma wani shago. Da na tambaye ta ko za ta faɗi abin da ta gani, ta ce, "Ni kitso na sani, 'yar nan. Ina da yara uku."

Wata safiya Gwaggo ta zo gidanmu. Mama tana kan keken ɗinki, Yayana yana zaune a bakin ƙofa yana ɗaure takalmi zai tafi gareji. Gwaggo ta fito da takarda da ɗan akwatin tawada daga jaka, ta ajiye a kan tabarma. Wani mai rubuta takardu a bakin kotu ne ya buga mata.

"Jibi za mu je ofishin hukuma. Ki dangwala nan. Ba komai ba ne, shaida ce kawai cewa kina aiki a wurina."

Ta ɗauka karatun nawa ya gudu. Bai gudu ba, tafiyar hawainiya dai yake yi. Na ɗora yatsa a layin farko ina bi a hankali. Na ga sunana. Na ga "ni kaɗai". Na ga "bayan Madam ta fita". Na ga "ba tare da izininta ba". Wato Gwaggo goge fuska kawai ta yi, ni ce na ɗauki kwalba na shafa. Idanun Malama a rufe suke, ba za ta iya rantsuwa kan hannun wa ya taɓa ta ba. Gwaggo ta zauna ta lissafa wannan duka.

Na ce, "Ba ni na shafa ba."

"Wa ya ce ke kika shafa? Takarda ce kawai." Ta juya wurin Mama. "Yaya, ki fahimtar da ita. Ita yarinya ce, ba ta yi karatu ba. Za a ce kuskure ne, a yi mata faɗa a sallame ta. Ni kuwa shagona zai tafi, wataƙila har gidan yari. Da girmana?"

Yayana ya ɗago. "In faɗa ne kawai za a yi, Gwaggo, ai ke ma kina da kunne."

"Rufe mini baki, mai baƙin mai! Da kai nake?"

Mama ta tsayar da keke. Ba ta kalle ni ba, zaren take kallo. "Tun rasuwar babanku ita ce ta tsaya mana. Jininku ce. Ki taimake ta, Auta."

"Mama, an ƙona fuskar mutum fa. In aka ce ita ce, ita za a kama," in ji Yayana.

"Kai dai tafi aikinka."

Ya tafi yana buga ƙofa. Ni kuma na zauna kamar dutse. Ban dangwala ba, ban kuma ce ba zan dangwala ba. Gwaggo ta ɗauki shiruna a matsayin yarda, kamar yadda ta saba. Ta ce to ma ya fi kyau in dangwala a gabansu, su gani da idonsu ba tilasta mini aka yi ba. Kafin ta tafi sai da ta biya mini abin da zan faɗa sau uku, kamar mai koya wa aku magana.

Kwana biyun nan ban ci abin kirki ba. Ina wanke-wanke ina jin haushi, ina shara ina jin haushi. Haushin Gwaggo, haushin Mama da ta kasa ɗaga ido daga zare, haushin Rediyo mai bakin surutu da ta ɗinke shi ranar da ake bukatarsa. Wanda ya fi duka haushin kaina.

Ofishin yana hawa na biyu, ɗaki ne mai dogon tebur da fanka mai ƙara. Jami'in hukuma, wani mai furfura da tabarau, yana zaune a ƙarshen teburin. A gabansa ga kwalabenmu biyu cikin leda. A ɗaya gefen ga Malama da lauyarta, wata siririyar mata da ake ce wa Barista.

Malama ta sauke mayafi da jami'in ya nemi gani. Ban shirya ba. Kumatun sun yi dabbare-dabbare, wani wuri baƙi ƙirin, wani wuri ja kamar ɗanyen nama. Fatar gefen idonta na hagu ta tattare ta ja idon ƙasa. Wannan ce matar da ta shigo tana ba mu dariya da zancen ayaba.

Gwaggo ta fara da takardar da Malama ta sa wa hannu. "Ranka ya daɗe, ga shi da hannunta ta yarda. Duk abin da ya faru ba ruwan shago."

Barista ko karɓa ba ta yi ba. "Ta yarda a ɗaye mata fata. Nuna mini inda ta yarda a ƙona ta. Takarda ba ta wanke ganganci, Madam. Kuma wa ya ba ki izinin taɓa fuskar mutane da asid mai wannan ƙarfi? Ina lasisinki?"

"Ina da satifiket. Yana jikin bango, kowa ya gani."

"Na horon mako biyu kan gyaran gashi. Mun gani."

Jami'in ya ɗaga ledar. "Kwalabe ba suna, ba ƙarfi, ba kwanan wata. Ta yaya kike bambance su?"

"Ni na san kayana, ranka ya daɗe. Shekara tara ban taɓa kuskure ba. Wannan yarinyar ce ta yi karambani da na fita." Ta fito da takardar da tawada ta turo gabana. "Ga bayaninta nan."

Jami'in ya dube ni ta saman tabarau. "'Yata, ke kika shafa?"

Duk suka zuba mini ido. Harshena ya yi nauyin nan da na sani. Na kalli tebur, na kalli tawadar.

Gwaggo ta yi 'yar dariya. "Kada ka wahalar da kanka, ranka ya daɗe. Bebiya muke ce mata. Ba ta magana, ba ta gane komai sosai. Kawo hannunki." Ta kama babban yatsana ta ja shi wajen tawada.

Irin kamun da ta yi mini ne, kamar hannun ba nawa ba, kamar wani tawul ne na shagonta. Na fizge har akwatin tawadar ya faɗi ƙasa ya kife.

"Ba ni na shafa ba!"

Muryar ta fito da ƙarfi fiye da yadda na nufa, tana rawa, amma ta fito.

"Ita ta shafa. A murfi take sa alama, ba a kwalba ba. Da safe ta rufe su tana waya, ta sa murfin wannan a wancan. Na ji warin, na gaya mata na ƙafa ne, ta ce a aji huɗu na tsaya. Ta shafa ta fita duba gashi, ta ce kada in taɓa. Da Malama ta tafi, ta mayar da murafan a gabana, ta ce me na gani."

"Ƙarya take! Butulu! Ni da na..."

"Zauna, Madam," in ji jami'in.

Malama ta yi magana a karo na farko, a hankali don bakinta ba ya buɗuwa sosai. "Na ji zancen aji huɗun. Ina ji tana faɗa, sannan audugar ta taɓa goshina. Muryarta tana kaina."

Jami'in ya ɗauki takardar Gwaggo ya karanta har ƙasa, ya tambaye ni ko ni na faɗi abin da ke ciki. Na ce a'a, kawo mini aka yi gida. Ya sa ta cikin fayil ya ce takardar ma za ta bi kwalaben zuwa kotu. Sannan ya sa na maimaita bayanina daga farko yana rubutawa, ya karanta mini, na sa hannu da biro. Sunana ya fito a karkace, amma ni na rubuta.

Gwaggo ta tashi ta ɗauki jaka. A bakin ƙofa ta sunkuyo kunnena. "Daga yau ba ni ba ku. Ki je ki gaya wa uwarki."

Na sauko matakala. A ƙasa na tarar da Malama tana jiran Barista, ta mayar da mayafinta. Na so in wuce, ta ce, "Tsaya."

Na tsaya.

"Kin faɗi gaskiya, na ji. Amma kada ki ɗauka shi ke nan tsakanina da ke. Kin san na ƙafa ne. Famfo yana bayanki. Sau nawa na kira ki?"

"Sau shida."

"Har kin ƙirga."

"Na ƙirga."

"An cire ni daga aji, kin sani? Yaran kuka suke in sun gan ni. Yanzu a ɗakin ajiyar littattafai nake zama ni kaɗai." Ta matso, idon nan da ya ja ƙasa yana zubar da ruwa. "Me ya hana ki?"

Na nemi amsar da za ta fi wannan kyau ban samu ba. "Tsoron mari."

"Mari," ta ce. Ta juya kai kamar za ta tofa yawu, ta fasa. "A kotu lauyan gwaggonki zai tambaye ki wannan, a gaban mutane cike da ɗaki. Zai ce laifinki ne. Za ki iya tsayawa, ko za ki koma bebiya?"

"Zan tsaya. Har da wannan zan faɗa."

"Mu gani," ta ce. Barista ta sauko, suka tafi ba ta waiwayo ba.

Da na isa gida Mama tana kan keke. Gwaggo ta riga ta kira ta, na gani a fuskarta. Na tsaya a gefenta. Ta kamo hannuna na dama, ta juya babban yatsan ta duba gaba da baya. Fes yake, ba tawada. Ta riƙe shi ɗan lokaci, sannan ta sake shi.

"Sai ki nemi wani aikin," ta ce. "Miƙo mini almakashi."